Gyaran Wayar Lantarki ta Ƙarƙashin Ƙasa: Ɗaurin Salatif Ba Gyara Ba Ne

Gabatarwa

Da wuya a sami makarantar sakandare ko wani babban gida a garuruwan ƙasar Hausa wanda ba shi da keɓaɓɓen gini a gefe, kamar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ko ɗakin maigadi, ko boskwata, ko ɗakin kaji, ko ɗan ginin da aka rufe injin rijiyar burtsatse a ciki. Yawancin waɗannan gine-gine daga babban gini ake ja musu wuta, kuma sau da yawa ta ƙarƙashin ƙasa wayar take bi, domin kada ta tare hanya ko iskar farkon damina ta tsinke ta. Wannan dabara ce mai kyau. Matsalar tana tasowa ne ranar da wayar ta lalace.

Yadda abin ya saba faruwa sananne ne. Lebura yana haƙa ramin dashen itace ko na lambatu, sai digarsa ta sari waya, wuta ta ɗauke a ɗakin gwaje-gwaje. Daga nan sai a kira wani wanda aka san yana ɗan taɓa gyaran wuta, ya fere bakunan wayar biyu, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da baƙin salatif, wani lokaci ya ƙara da leda, a mai da ƙasa a rufe. A kunna, ƙwai ya kama, kowa ya watse yana murnar an yi aiki cikin araha. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tarko aka binne a wannan rami, kuma wanda zai faɗa cikinsa wataƙila a lokacin bai ma shigo makarantar ba. Binnanniyar waya idan ta lalace, ko dai ƙwararre ya haɗa ta da kayan haɗin da aka ƙera domin zama cikin ƙasa sannan ya gwada ta, ko kuma a sake sabuwa. Idan babu halin ko ɗaya, a cire ta daga tushe, ginin ya zauna a duhu har hali ya samu.

Abin da Waya Ke Gamuwa da Shi a Cikin Ƙasa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙasa tamkar akwati, wato abin da aka ajiye a cikinta haka za a tarar da shi. Ɗalibin ilmin halittu ya san ba haka ba ne. Ƙasa mazauni ce mai motsi, cike da ruwa da gishiri da saiwoyi da ƙananan halittu, kuma kowanne daga cikinsu yana da abin da yake yi wa waya.

Na farko shi ne ruwa. Salatif an yi shi ne domin busasshen wuri; idan ya daɗe cikin laima da zafi, danƙonsa yana saki, ruwa ya sami kafa. Wayar da aka yi da siraran zare na jan ƙarfe kuwa tana jan ruwa ta tsakankanin zaren, kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir, har laima ta yi nisa da inda ta shiga. Jan ƙarfen sai ya dushe, ya yi kore-kore, mahaɗin ya fara ruɓewa a hankali.

Na biyu shi ne motsin ƙasar kanta. Laka, musamman baƙar laka irin ta fadamu da ta yankin Tafkin Cadi, tana kumbura da damina, ta tsuke ta daddare da rani. Kowace shekara wayar tana shan ja da saki, mahaɗin da aka murɗe da hannu kuwa ba ya jure wannan. Saiwoyin itatuwa irin su darbejiya da mangwaro su ma suna ƙara kauri shekara bayan shekara, suna matse waya ko su danna ta a jikin dutse.

Na uku su ne masu haƙora. Gara ba ta narkar da roba a cikinta, amma tana iya huda ta idan ta tare mata hanya. Shi ya sa a ƙasar Ostareliya, inda gara ta yi ƙaurin suna wajen ɓarnar waya, ake lulluɓe wasu wayoyin ƙarƙashin ƙasa da taurin nailan. Ɓera da gafiya kuwa haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro muddin suna raye. Na ɓera suna ƙaruwa da fiye da milimita 2 a kowane mako, kuma gwaguya ɗabi'arsa ce ko da abin ba na ci ba ne. Na ƙarshe, wanda ya fi kowa ɓarna, shi ne ɗan Adam da digarsa da fartanyarsa, domin abin da ido bai gani ba zuciya tana saurin mantawa da shi.

Zafi da Yoyo

Mugun mahaɗi yana haifar da illa iri biyu. Ta farko ita ce zafi. Tun wajajen 1840 James Joule na ƙasar Ingila ya nuna cewa zafin da wuta ke haifarwa a waya daidai yake da yawan wutar da ke gudana, a ninka shi da kansa, sannan a ninka da turjiyar wayar. A ɗauka mahaɗin da ya yi tsatsa yana da turjiyar rabin om, kuma injin ruwa da sauran kaya suna jan amfiya 20. Lissafin ɗan aji huɗu ne: 20 sau 20 sau rabi, wato wat 200. Wannan shi ne ƙarfin tsofaffin ƙwayayen fitila biyu masu wat 100, an tattara shi a wurin da bai fi babban yatsa ba. Robar PVC da ke jikin waya ta gama-gari an yi ta ne domin zafin da bai wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan aka zarce haka sai ta yi laushi, daga baya ta bushe ta farfashe, ƙarfe ya fito fili.

Illa ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce yoyon wuta. Da zarar ƙarfe ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani ɓangare na wutar sai ya riƙa malala cikinta. Ƙarfin wutar yana da yawa a daidai wurin yoyon, yana raguwa yayin da ake nisa. Saboda haka wanda ya taka wurin ba takalmi, ƙafarsa ɗaya tana kusa ɗaya tana nesa, wuta tana iya shiga ta wannan ƙafa ta fita ta waccan. Idan kuma akwai famfon ƙarfe ko shingen waya ko ƙofar ƙarfe a kusa, su ma suna iya ɗaukar wuta.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu da cewa ai akwai fiyus. Aikin fiyus shi ne kare waya daga ƙonewa idan wuta ta yi yawa ƙwarai. Fiyus mai amfiya 30 ba ya ko motsi idan yoyon miliamfiya 100 ne, domin wannan kashi ɗaya ne kacal cikin 300 na ma'auninsa. Amma miliamfiya 100 ɗin nan ta isa ta kashe babban mutum.

Jikin Ɗan Adam da Wutar Lantarki

Dalilin da ya sa wuta kaɗan ke kisa shi ne, jiki kansa da saƙon lantarki yake aiki. A 1791 Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa lantarki yana sa tsokar ƙafar kwaɗo ta harba. Jijiyoyin saƙo suna umurtar tsoka ta hanyar ɗan ƙanƙanen lantarki, kuma idan wata wuta ta shigo daga waje sai ta ƙwace wannan umurni.

Mutum yana fara jin tsirawa a wajajen miliamfiya 1. Idan ta kai miliamfiya 10 zuwa 16 sai tsokar hannu ta ƙanƙame. Da yake tsokokin da ke dunƙule yatsu sun fi masu buɗe su ƙarfi, hannu sai ya damƙe wayar ya kasa saki. Abin da jama'a ke nufi ke nan idan suka ce wuta ta riƙe mutum. A haƙiƙa tsokarsa ce ta riƙe wayar. Idan wutar ta ƙaru ta bi ta ƙirji, tsokokin numfashi sai su sandare.

Babban haɗari yana ga zuciya. Akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a ɗakin dama na sama na zuciya, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a 1907, shi ne ke ba da saƙon bugu sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga baligi mai hutawa. Wutar gida kuwa tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan miliamfiya 50 zuwa 100 ta ratsa ƙirji na daƙiƙa ɗaya ko fiye, tana iya wargaza wannan tsari, zuciya ta bar bugu ta koma makyarkyata, jini ya tsaya. Masana biyu a Janeba, Prevost da Battelli, sun nuna haka a jikin karnuka tun 1899. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da jini ba.

Nawa ne zai ratsa jikin wanda ya taɓa? Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ba da amsa: a raba ƙarfin turin wutar da turjiyar jiki. Busasshiyar fata mai kanta tana iya kai wa om 100,000, amma jiƙaƙƙen jiki yana saukowa wajajen om 1,000. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Idan aka raba 230 da 1,000 za a sami miliamfiya 230, wato fiye da ninki biyu na abin da ke tsai da zuciya. Yanzu mai karatu ya tuna su wane ne ke yawo ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da famfo: yara masu ɗiban ruwa, da ɗalibai masu wanki, da masu alwala.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai, domin ya faru har a ƙasashen da ke da tsauraran dokoki. A watan Janairun 2004, a birnin Niyok na Amurka, wata mata mai shekara 30 tana tafe da karnukanta biyu a kan titin da ya jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara, sai wuta ta kashe ta a kan murfin ƙarfe na wani akwatin wayoyi da ke cikin ƙasa. Bincike ya nuna cewa a wani aiki da aka yi a baya ba a rufe bakin wata waya yadda ya kamata ba. A watan Fabrairun 2011 kuma, a filin sukuwa na Newbury a Ingila, dawakai biyu suka faɗi matattu a gaban 'yan kallo, aka kuma gano cewa yoyon wata waya ce da ke binne a ƙarƙashin ciyawar. Dabba mai ƙafa huɗu ta fi mutum shiga haɗari a irin wannan wuri, saboda tazarar ƙafafunta na gaba da na baya tana da yawa, kuma hanyar da wutar ke bi ta ratsa ƙirjinta. Duk mai turke a gida, ko makarantar da ke kiwon shanu da tumaki domin darasin aikin gona, ya kamata su lura da wannan.

Yadda Gyara na Ƙwarai Yake

Bayanin da ke tafe ba domin ɗalibi ya ɗauki filaya ya shiga rami ba ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. An kawo shi ne domin shugaban makaranta da maigida su san abin da za su nema daga wanda suka ba aikin.

Mataki na farko shi ne katse wuta daga tushe, a kulle akwatin, mai aikin ya riƙe makulli a aljihunsa. Ɗaukewar wutar gari ba katsewa ba ce, domin ana iya maido ta ba sallama. A kuma tabbata babu janareta ko batirin sola a ɗaya ginin da zai turo wuta ta baya. Bayan haka a gwada wayar da ma'auni, a tabbatar babu wuta a cikinta, kafin a taɓa.

Mataki na biyu shi ne gano inda lahanin yake ba tare da an tone fili duka ba. Masu sana'ar suna da wata na'ura da ake kira mega, wadda ke tura bolt 500 ta auna lafiyar robar da ke rufe da waya. Ƙa'idar Ingila ta ce kada sakamakon ya gaza om miliyan ɗaya. Akwai kuma na'urar da ke aiki kamar yadda jemage ke gane hanya a duhu, wato ta aika saƙo cikin waya ta saurari amsa-kuwwarsa daga inda ta karye. Idan saƙon yana tafiyar mita 150 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, ya kuma dawo bayan 0.4 na wannan lokaci, to ya yi mita 60 zuwa da dawowa, ke nan lahanin yana mita 30 daga bakin waya.

Mataki na uku shi ne haɗin. A yanke duk inda ruwa ya taɓa, a ƙara guntun waya iri ɗaya mai kauri ɗaya, a cusa bakunan cikin ƙananan bututun ƙarfe a matse su da na'urar matsi. A haɗa har da waya ta uku, mai launin kore da rawaya, wadda aikinta shi ne kwashe wutar da ta ɓalle. Idan waya mai sulke ce, wato mai rigar zaren ƙarfe, dole a haɗa sulken wannan gefe da na wancan. Daga nan a rufe mahaɗin cikin ƙwanson roba, a zuba ruwan danƙo mai daskarewa ya cika shi, yadda ruwa ba zai sami kafa ba. A sake gwadawa da mega kafin a mai da ƙasa.

Idan kuwa aka tone aka tarar da wayar cikin ɗaki ce aka binne tsirara, ko an riga an yi mata ɗauri biyu ko uku, to, haɗi ɓata kuɗi ne; a sake ta gaba ɗaya da waya mai sulke ko wadda aka zura a bututu mai ƙarfi. A kula da kaurinta, domin wayar jan ƙarfe mai faɗin milimita murabba'i 2.5, idan ta yi tafiyar mita 50 tana ɗauke da amfiya 20, tana zubar da kusan bolt 15 a hanya, abin da ke wahalar da injin ruwa. Dangane da zurfi, ƙa'idar Amurka ta ce wayar da aka binne kai tsaye ta yi inci 24, kimanin santimita 60, wadda ke cikin bututun roba kuwa inci 18. A shimfiɗa rairayi a ƙasa da saman wayar, a jera bulo ko fale-falen siminti, sannan a shimfiɗa ƙyallen gargaɗi mai launi a sama, domin diga ta fara cin karo da shi.

Abu na ƙarshe shi ne na'urar katse wuta mai jin yoyo, wadda ake rubuta RCD a jikinta. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan bambancin ya kai miliamfiya 30 sai ta katse cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya daɗe yana binciken illar wuta ga jiki, ya ƙirƙiro wani nau'inta a 1961. Duk wayar da za ta fita waje ya kamata ta bi ta wannan na'ura, a kuma riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci.

Hujjojin Masu Ɗaurin Salatif

Hujja ta farko ita ce kuɗi, kuma ba a raina ta ba, domin makarantu da yawa da ƙyar suke sayen alli. Amma a yi lissafin duka. Wutar da ke yoyo mita tana ƙirga ta dare da rana. Injin da ke samun raunanniyar wuta yana saurin ƙonewa. Mahaɗin da aka ɗaure bana, za a sake tone shi baɗi ko baɗin baɗaɗa. Araha ba ta ado, balle a sa ran ɗalibi a kan sikeli.

Hujja ta biyu ita ce, shekara da shekaru ana yi ba abin da ya faru. Gaskiya ne mahaɗi yana iya yin rani biyu ko uku lafiya, domin busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sosai. Haɗarin yana jiran abubuwa uku su haɗu, wato tsagewar roba da ruwa da ƙafar da ba takalmi, kuma kowace damina tana kusantar da wannan rana.

Hujja ta uku ita ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma abin da aka san sababinsa, aka san maganinsa, aka kuma ƙi yi, sunansa sakaci. Hausawan da suka yi wancan karin magana su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Ƙwararru ba su yi ƙarancin da za a ce babu su ba. Kwalejojin fasaha suna yaye masu aikin lantarki, kuma hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, tana ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa. Haƙƙin mai ba da aiki ne ya nemi ganin takardar, ya kuma nemi a rubuta masa sakamakon gwaji.

Akwai kuma aikin da ɗalibai za su iya yi ba tare da sun taɓa waya ba. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta, ƙarƙashin malaman fiziya da labarin ƙasa, tana iya zana taswirar harabar makarantar, ta tambayi tsofaffin ma'aikata da mai gyaran wuta inda kowace waya ta bi, ta auna nisanta daga bango, a ajiye kwafi a ofishin shugaba, a kafa 'yan alamun siminti a kan hanyar. Kada a dasa itace ko a haƙa rami sai an duba wannan taswira. A koya wa kowane ɗalibi alamun yoyo: famfo ko ƙofa mai tsirawa, wurin da ke saurin bushewa ko ɗumi bayan ruwan sama, warin ƙonanniyar roba, da dabbar da ke ƙin taka wani wuri. A kuma koya masa cewa idan wuta ta kama mutum ba a taɓa shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture shi da busasshen itace, sannan idan ba ya numfashi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti har a sami taimakon ma'aikatan lafiya.

Shugabanni suna sauyawa, malamai suna ritaya, mai gyaran ma yana barin gari, amma wayar tana nan inda aka binne ta. Saboda haka wanda ya tsaya a bakin rami yau, shi ne ke yanke hukunci a madadin yaran da za su yi wasa a wurin nan da shekara goma. Ya kamata ya hana a mai da ƙasa sai ya ga an yi aikin bisa ƙa'ida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.